Kafin Ka Ce Murhun Ya Mutu, Duba Igiyar Ƙofarsa

Ranar 2 ga Fabrairun 1996, sanyi a kusa da garin Tower da ke arewacin jihar Minnesota ta Amurka ya kai digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma har yau ba a sake auna wanda ya fi shi a jihar ba. Ba kowace shekara ake ganin haka ba, amma digiri 30 ƙasa da sifili ba baƙon abu ba ne a watan Janairu. A irin wannan ƙasa, ɗumama gida batu ne na rai. Idan abin ɗumamar ya tsaya aka kasa tayar da shi, ruwan da ke cikin bututun gidan zai daskare, ya kumbura, ya farfasa su, iyali su kwashi yara su nemi mafaka a gidan 'yan uwa.

Gyaran kayan ɗumama gidaje ne sana'ata a ƙauyukan wannan yanki, kuma kaso mai yawa na kiran da nake amsawa a hunturu a kan abu ɗaya ne, wato murhun itace na waje. Ra'ayina a kansa mai sauƙi ne. Yawancin murhun da masu shi ke cewa ya mutu, lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan ƙaramin abu ne mai araha ya ci lokacinsa a jikinsa. Wanda kuma ya mutu da gaske, sakaci ne na shekaru ya kashe shi, a daidai wurin da ba a sayar da madadinsa a kanti. Mutane suna kashe kuɗinsu a kan na farko cikin gaggawa da cinke, suna kuma kawar da kai daga na biyu har sai aikin gama ya gama.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, murhun kamar ɗan ƙaramin ɗaki ne na ƙarfe da ake girkawa a bayan gida, tazarar mita 10 zuwa 30, wani lokaci fiye. A cikinsa akwai akwatin wuta inda ake loda gumagumai, tankin ruwa kuma ya kewaye akwatin. Na gida ɗaya yakan ɗauki lita 600 zuwa 1,500. Wuta ta gasa ruwan, famfon lantarki ya tura shi ta bututun roba da aka binne a ƙasa zuwa cikin gida, a can ya bi ta wani abu mai kama da lagireton mota, fanka ta busa iska ta cikinsa, ɗakuna su ɗumama, ruwan ya koma murhu a sake gasa shi. Ana riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 77 da 85. Idan ya sauka, wani makunni mai jin zafi sai ya ba da umarni, murfin iska ya buɗe, fanka ta hura wutar. Idan ya kai, sai a rufe iskar, wutar ta kwanta tana ci a hankali. Yawancin tankunan a buɗe suke ta sama da ɗan bututun numfashi, ba a matse ruwansu, kuma toshe wannan bututu haɗari ne babba.

Cibiyar ƙera wannan murhu tana nan kusa da iyakar Kanada. Kamfanin Central Boiler ya fara aiki a garin Greenbush a 1984, Heatmor yana Warroad, WoodMaster ya taso a Red Lake Falls, duka a arewa maso yammacin Minnesota, sai HeatMaster a Winkler da ke lardin Manitoba a tsallaken iyaka. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Ƙauyuka da yawa bututun iskar gas bai kai gare su ba, da gas ɗin tanki suke ɗumama, farashinsa kuma ba shi da tabbas. A Janairun 2014, lokacin da aka yi ƙarancinsa, galan ɗaya ya haura dala 4 a jihohin tsakiyar ƙasar. Manomin da ke da daji a bayan gonarsa da zarto mai inji a hannunsa yana ganin ba shi da dalilin jiran motar gas. Ƙari a kan haka, wani ƙwaro ɗan asalin Asiya da aka gano kusa da Detroit a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyin ash, ya bar busasshen itace a tsaye yana jiran mai sara. Wannan lissafi ne na ƙasar da daji ya yi mata yawa. Wanda ya san yadda buhun gawayi ke cinye bishiyoyi tsakanin Katsina da Maraɗi ba zai yi wa ƙasar Hausa fatan murhun da ke lamushe tulin itace a kowane hunturu ba, ni ma ban yi ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ake gyaransa.

Sassan da ke motsi ko suke lalacewa a jikin tsohon samfurin murhun ba su da yawa: igiyar da ke toshe bakin ƙofa, murfin iska da ɗan maganaɗisun lantarki da ke jan sa, wanda ake kira solinoyid, fankar hura wuta, makunnin zafi, famfo, sai fis da 'yan wayoyi. Igiya da solinoyid kowannensu bai kai dala 100 ba. Fanka da famfo ɗaruruwa kaɗan ne. Sabon murhu kuwa, da kuɗin girkawa, ya wuce dala 10,000. Da wannan tazara ya kamata a ce kowa ya ƙware wajen gano wanne ne ya gaza. Amma abin da nake tararwa ya saba wa haka. Mutum ya ga gida ya yi sanyi, ya hau intanet ya sayi famfo. Bai yi ba, ya sayi makunni. Bai yi ba, ya sayi fanka. Kafin a kira ni, akwatunan sababbin kaya sun cika bencin gareji, matsalar tana nan daram. Duk wanda ya taɓa kai mota wurin bakaniken da ke cewa a canza fulogi, gobe a canza kwayil, jibi a canza famfon mai, ba tare da ya ɗora mita a kan komai ba, ya san wannan ciwo. Bambancin kawai, a nan mai kayan ne ke yi wa kansa.

Alhali murhun yana faɗin abin da ke damunsa, kuma kukansa iri uku ne. Ko dai ruwa ya yi zafi fiye da kima har ya tafasa, ko wuta ta ƙi tashi ruwan ya huce, ko kuma murhu na da zafi amma gida na da sanyi. Kowanne yana da hanyar da ake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Idan ruwa ya tafasa, tururi na fita ta bututun numfashi, iska ce ke shiga inda bai kamata ba. Wuta ba ta ci sai da iska, don haka idan an rufe murfi amma tana ruruwa, akwai kafa. Mafi yawan lokuta igiyar ƙofa ce. Da zaren gilashi ake saƙa ta, sabuwa tana da laushi kamar tufkar auduga, amma hayaƙi yana barin wata baƙar kwalta da ake kira kiriyosot, ta shige ta, ta ƙandare, ta daina rungumar bakin ƙofar. Gwajinta bai wuce minti biyu ba. Idan wuta ta mutu, a saka takarda a bakin ƙofa, a rufe, a ja. Idan ta zame ba tare da turjiya ba, wurin na ɗigar iska. A zagaya kusurwa huɗu haka. Wani lokaci ma igiyar ba ta mutu ba, sakata ce ta saki ko ƙofar ta sunkuya, ɗaure noti biyu ya wadatar. Idan canji ya kama, a kankare tsohuwar da gam ɗinta har sai an ga farin ƙarfe, a zuba gam mai jure wuta, a kwantar da sabuwar ba tare da an ja ta ba, domin igiyar da aka miƙe tana sirancewa. Bayan igiya sai murfin iska, wanda kwalta kan maƙale shi a buɗe. Sai an wanke waɗannan biyun daga zargi sannan a tuhumi makunnin zafi. Tafasar ba abin wasa ba ce, domin ruwan da ya ƙone ya ragu, famfo ya ja iska, ƙarfen da ruwa bai rufe ba kuma ya gasu ya lanƙwashe.

Kuka na biyu, wuta ta ƙi tashi. A nan kunne da ido sun fi sifana amfani. Idan zafi ya sauka, ya kamata a ji ƙarar ƙas, solinoyid ya ja murfi, fanka ta tashi. Idan shiru ne, a fara da fis da makunnin ƙofa, sannan a ɗora mita a ga ko bolt 120 na isa wurin. Idan wuta na zuwa amma abin bai motsa ba, shi ne ya mutu. Idan wuta ba ta zuwa, laifin na can baya, canza shi asarar kuɗi ce. Wani mai kiwon shanun madara ya kira ni, ya ce solinoyid na uku ke nan ya ƙone masa a hunturu ɗaya, kuma ya gama yanke hukunci cewa kayan yanzu duk jabu ne. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, bari mu ga murfin kafin mu zagi masu ƙera." Da na ɗaga murfin da hannu sai na ji yana cijewa a rabin hanya, kwalta ta cika maɗaurinsa. Irin wannan solinoyid yana jan wuta mai yawa a lokacin da yake ƙoƙarin jan murfi, sai sandar cikinsa ta zauna daidai sannan jan ya ragu. Idan wani abu ya hana ta zama, sai ya yi ta gurnani yana zafi har kwayil ɗin ya ƙone. Da an saka na huɗu, da shi ma ya bi 'yan uwansa. Abin kankara da ɗan man shafawa suka gama aikin.

Fanka ma haka take. Tana iya juyawa amma fikafikanta sun cushe da toka da kwalta, iskar da take turawa ba ta kai rabi ba. Tana iya yin gurnani ba ta juya ba, alamar boris ya kama ko kafasita ta gaza. Kuma sau da yawa lantarki duk lafiya, toka ce ta taru ta toshe hanyar iska, ko bututun hayaƙi ya cushe, ko manyan gumagumai sun yi gada a sama sun bar garwashi a ƙasa ba abin ci. Gargaɗi ɗaya ga duk mai buɗe ƙofar irin wannan murhu: idan wuta ta daɗe a kwance, akwatin cike yake da hayaƙi mai kamawa. A ɗan sassauta ƙofar, a tsaya a bayanta, a jira kaɗan kafin a wangale. Mutane sun rasa gira da gemu a kan wannan gaggawa. Kafin kuma a taɓa waya, a kashe wutar lantarki daga tushe.

Kuka na uku shi ya fi rikita mutane. Ma'aunin murhu na nuna digiri 82, amma a falo ana sanye da rigar sanyi. Zafin yana nan, hanyar kai shi ce ta yanke. Kayan aikina a nan ɗan ma'aunin zafi ne da ake ɗorawa a jikin bututu. Ina bin ruwan ne daga fitarsa zuwa komawarsa, inda zafi ya ɓace nan matsala take. Famfunan da aka fi amfani da su, irin na kamfanin Taco na jihar Rhode Island ko Grundfos na ƙasar Denmark, ruwan da suke turawa shi ne man da ke sanyaya su, yake kuma sulɓar da sandarsu. Idan suka yi aiki a bushe, ba sa daɗewa. Shi ya sa ake girka su a ƙasa-ƙasa inda nauyin ruwan tanki ke danna su, sandar kuma a kwance. Famfo na iya yin ɗumi yana rawa a hannu, mutum ya ɗauka yana aiki, alhali fikafikan cikinsa sun karye ko iska ta maƙale a bututu. Da yawansu ana zare cikinsu kawai a saka sabo, gangar jikin ta zauna a wurinta. Wanda ya saka bawul gaba da bayan famfonsa zai yi wannan canji cikin rabin awa. Wanda ya yi tsimin bawul biyu sai ya zubar da ɗaruruwan lita na ruwan zafi a kan ƙanƙara da tsakar dare. Idan famfo lafiya, a duba rariyar tace datti, a duba farantan musayar zafi, inda ruwan murhu ke miƙa zafinsa ga ruwan gida, waɗanda ruwan rijiya mai gishiri-gishiri kan toshe su da farar ƙasa. Wanki da ruwan tsami yakan farfaɗo da su.

Akwai ɓarawon da ba ya kuka ko kaɗan, shi ne bututun ƙarƙashin ƙasa. Mutane da yawa sun sayi murhu mai tsada, suka zo kan bututu suka nemi araha, suka binne wanda aka naɗe da 'yar katifa aka zura a cikin bututun magudana. Shekara kaɗan ruwan ƙasa ya shiga, katifar ta jiƙe, jiƙaƙƙiyar katifa kuwa ba ta riƙe zafi. Alamarsa ana ganinta da ido: layi ɗaya daga murhu zuwa gida inda ƙanƙara ke narkewa kafin ko'ina. Mu yi lissafi. Idan famfo na tura lita 30 a minti ɗaya, ruwan kuma ya yi asarar digiri 3 a hanya, zafin da ke shiga ƙasa ya haura kilowat 6, dare da rana. Ga tsohon murhun da rabin zafin itacensa kawai ke shiga ruwa, wannan ya kai kusan kilo 70 na busasshen itace kowace rana, mutum ya sara, ya faskara, ya ɗauko, don ya ɗumama tsutsotsin ƙasa. Babu famfo ko fankar da za ta magance wannan. Sai an tona an binne bututun kirki, wanda kumfa mai tauri ta cika shi ba ta bar wa ruwa gurbi ba. Araha ba ta ado.

Duk abin da na lissafa zuwa nan ana sayar da shi a kanti. Abin da ba a sayarwa shi ne gangar jikin, wato akwatin wuta da tankin ruwa, kuma abokin gabansu tsatsa ce, daga ciki da waje. Ta ɓangaren wuta, toka ce ke jawo ta. Busasshiyar toka ba ta da laifi sosai, amma wadda aka bari ta taru a kusurwa ta sha danshi tana cin ƙarfe a hankali, musamman a bayan akwati da ƙarƙashin bakin ƙofa inda shebur ba ya son zuwa. Idan ruwan da ke komowa daga gida ya yi sanyi ƙasa da digiri 60, jikin akwatin yakan yi gumi, gumin ya haɗu da kwalta ya zama ruwa mai tsami. Masu jefa leda da shara da robobi suna ƙara wa wutar guba: wasu robobin suna fitar da sinadarin kulorin da ke huda ko da ƙarfen da ba ya tsatsa ne, tsofaffin katakan da aka yi wa maganin gara kafin 2004 kuma da yawansu na ɗauke da gubar asanik. Ta ɓangaren ruwa, tunda tankin a buɗe yake, iska na shiga, dole a zuba maganin hana tsatsa, a kuma gwada ruwan aƙalla sau ɗaya a shekara. Kamfanoni da dama sun ɗaura garantinsu a kan wannan gwaji. Kwalbar ruwa ɗaya ce ake aikawa, amma ita ce aikin da na fi ganin an tsallake.

Uwar matsalolin duka ita ce ɗanyen itace. An daɗe ana yaɗa maganar cewa wannan murhu yana cin komai, ko bishiyar da aka sare jiya. Zai ci, amma da tsada. Kusan rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne, kuma kilo ɗaya nasa bai ba da fiye da kusan rabin zafin busasshe ba. Sauran aikin wutar tafasa wannan ruwa ne, tururin ya haɗu da hayaƙi ya zama kwaltar da ke ƙandarar da igiya, ta maƙale murfi, ta ƙona solinoyid, ta cushe fanka, ta ci ƙarfe. Ashe sassan da muke ta canzawa, yawancinsu mai kashe su ɗaya ne. Itacen da ya dace danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. A faskara shi, a jera a sama da ƙasa, a rufe samansa a bar gefe iska ta ratsa. Itacen oak yakan nemi shekara biyu kafin ya bushe. Ma'aunin danshi mai 'yan allurai biyu bai kai kuɗin igiyar ƙofa biyu ba, amma a faskara guntun a auna cikinsa, domin bayansa na yaudara.

Lokacin gyara ma yana cikin gyara. Ba a fafa gora ranar tafiya. Da zarar an kashe wuta a ƙarshen Afrilu ko Mayu, a kwashe toka tas, a kankare kwalta, a rufe bakin bututun hayaƙi don kada ruwan sama ya shiga, a bar tanki a cike da ruwa mai magani, a riƙa tayar da famfo lokaci-lokaci don kada ya kama. A watan Agusta a yi gwajin takarda, a shafa wa murfi mai, a busa fanka. Kuma kowane gida ya ajiye solinoyid ɗaya, fanka ɗaya, cikin famfo ɗaya, igiya da fis a kan kanta. Famfo ba ya mutuwa ranar Talata da hantsi lokacin da kanti ke buɗe. Wanda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa a yankinsa ya tanadi ƙaramin janareto, domin idan famfo ya tsaya, zafi na nan a waje amma ba ya shiga gida. Masu zuba maganin hana daskarewa kuma su nisanci na mota, guba ne. Akwai wanda aka yi don ɗumama gidaje.

Akwai masu ja da duk wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa duk tsohon murhun da irina ya farfaɗo, ƙarin shekaru ne na hayaƙi a huhun maƙwabta. Gaskiya ne tsohon samfurin yana da wannan aibi tun daga ƙirarsa. Ruwan da ya kewaye akwatin yana sanyaya wutar, rufe iska yana sa ta turnuƙe, bututun hayaƙin kuma gajere ne, hayaƙin na kwanciya daidai tagar mutane. Ofishin babban lauyan jihar New York ya fitar da rahoto a kan haka a 2005, a shekarar kuma jihar Connecticut ta kafa dokar cewa sabon murhu ya nisanci gidan maƙwabci da ƙafa 200. A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta saka iyaka ga ƙurar hayaƙin da sababbin murhu za su fitar, ta ƙara tsananta ta a watan Mayun 2020 zuwa ƙasa da rabin ta farko. Sababbin da ake sayarwa yanzu suna jan hayaƙin ƙasa ta wata kafa ta tubalin wuta su sake ƙona shi, itacen da suke ci kuma ya ragu sosai.

Amsata gida biyu ce. Na farko, dokar ba ta tilasta cire tsofaffin ba, dubbai na nan suna aiki, kuma iyalin da ba su da dala 10,000 ba za su kwana cikin sanyi don jiran ranar da za su samu ba. Tsakanin tsohon murhu mai lafiyayyar igiya da busasshen itace da dogon bututun hayaƙi, da wanda aka yi watsi da shi ana cusa masa ɗanye da leda, maƙwabci ya san bambanci. Gyara yana rage cutar. Na biyu, gyara yana da iyaka. Idan tanki ya fara yoyo, walda ɗaya a kan tsagin ɗinki ana iya yi. Amma idan na ƙwanƙwasa da guduma na ji ƙarfen ya zama kamar gwangwani, ko an yi faci a nan ya ɓulle a can, nakan gaya wa mai shi ya daina zuba kuɗi, ya fara tarin na sabo. Wanda kuma gidaje suka matso suka kewaye shi, ko maƙwabcinsa na da yaro mai asma, haƙƙin maƙwabtaka ya riga garantin murhunsa. Ƙona shi a lokacin zafi don ruwan wanka kawai, tagogin jama'a a buɗe, wannan zalunci ne ko doka ta yi shiru.

Sai kira ga masu ƙera sababbin. Sun zo da allon kwamfuta, da na'urorin jin zafi da dama, da tubalin wutar da ke zaizayewa sai an canza shi bayan 'yan shekaru. Tsohon yana da wata daraja da ba a faɗa a talla: famfonsa da fankarsa da makunninsa kaya ne gama-gari, ana samunsu a kantin kayan famfo na kowane gari. Idan sabon ya zama sai allon kamfani ɗaya, sai wakilin kamfani ɗaya mai nisan tafiyar awa uku, mutane za su manne wa tsohon mai hayaƙi, kuma ba zan ga laifinsu ba. Jihar Minnesota ta yi dokar 'yancin gyara a 2023, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024, tana wajabta wa masu ƙera kayan lantarki da dama su samar da sassa da kayan aiki da takardun bayani ga masu kaya da masu gyara masu zaman kansu. Wannan manufa ce ya kamata kowane mai ƙera murhu ya ɗauka da kansa: zanen wayoyi a manne a bayan ƙofa, ma'anar kowace lambar kuskure a rubuce a fili, sassa kuma su ci gaba da samuwa muddin murhun na raye.

Ga mai murhu kuwa, maganar ba ta da tsawo. Kada ka sayi komai sai ka auna. Idan abu ya ƙone, ka nemi abin da ya ƙona shi kafin ka saka sabo. Ka canza igiya da ta ƙandare tun a watan Agusta, ka gwada ruwanka, ka kwashe tokarka, ka sari itacen baɗi a bana. Mai gyara kuma ya ji tsoron Allah, kada ya sayar wa mutum famfo alhali rariya ce ta toshe, kada kuma ya yi wa ruɓaɓɓen tanki faci don ya karɓi kuɗin walda.